TARIHIN RAYUWATA, kashi na 17: Ranar handoba

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya ne a inda aka karanta takardar Bishop bayan Mas na biyu, wato babbar ibadarmu ta Katolika, cewa an yi wa Fadanmu canjin wurin aiki bayan shekara tara yana tare da mu, mata na ta kuka, 'yan kwaya ma sun kasa ƙarasa waƙar fita. Toh ni kukana daban ne a ranar, don ni ce ma'ajin kwamitin kuɗi, shekara huɗu ina riƙe da littafin, kuma na san abin da ke ciki da abin da ya kamata a ce yana ciki.

A tunanina handoba ai ba wani abu ba ne, a miƙa makullai, a miƙa littafin cak, a ɗau hoto kowa ya kama gabansa. Ashe da sauran rina a kaba. Ranar Talata Din ya kira ni a waya, wato Fadan da ke duba farish-farish, ma'ana coci-cocin yankinmu, a madadin Bishop, ya ce Mama ma'aji ki haɗa mana komai kafin Juma'a ta sama, sitatimen na banki, rasidai, bashin da ake bin ku da wanda kuke bi, sannan kwafin jerin kaya. Na ce wane jerin kaya kuma Fada? Ya yi shiru har na ɗauka layin ne ya yanke, can ya ce ba komai zan zo da namu.

Daga baya ne ya zaunar da ni ya yi min bayani, kuma gaskiya kunya ta kama ni don shekara huɗu ina wannan aikin ban taɓa ji ba. Littafin dokokin coci, wanda Fafaroma John Paul na biyu ya fitar a 1983, doka 1752 ne a cikinsa, kuma ta 1283 ta ce kafin mai kula da dukiyar coci ya kama aiki sai ya yi rantsuwa zai riƙe amana, sai kuma a rubuta komai da komai, gine-gine, filaye, kaya masu daraja da sauran tarkace, kowanne da bayaninsa da kimarsa, a sa hannu. Kwafi ɗaya a farish, ɗaya a ofishin Bishop, kuma duk abin da ya ƙaru ko ya ragu a gyara a duka biyun. Namu kwafin har yau ban san inda ya shiga ba. Na ofishin Bishop kuwa yana nan yadda aka rubuta shi shekara tara da suka wuce, ko waƙafi ba a ƙara ba.

Da wannan tsohuwar takardar muka bi ɗaki-ɗaki ranar Juma'a, ni da Din da Baba katikis, mai koyar da addini a cocinmu, da tsohon Fada da sabon. Baba katikis na kira ina rubutawa. Benci nawa, rigunan Mas nawa, kofunan Mas, akwatin baiko (wato sadakar da ake bayarwa a coci), janareto, amfilifaya, takardun mota, takardun fili, hatimin farish, rajistar baftisma da ta aure da ta mamata. Rajistar nan sabon Fada bai yi wasa da ita ba sam, sai da ya buɗe ya ga inda aka tsaya da rubutu, ya ce wanda aka yi wa baftisma ba a rubuta ba ranar aurensa ne zai san an cuce shi.

Inda aka fara kallon-kallo shi ne gidan Fada. Akwai firij babba a falo, wani bawan Allah ya kawo shekarun baya, kuma yaran gidan har sun ɗaure shi da igiya za a sa a mota. Din ya ce wannan fa? Tsohon Fada ya ce ba ni aka yi. Din ya ce da aka kawo an ce naka ne kai kaɗai, ko an kawo wa Fadan farish ne? Ba wanda ya iya tunawa, wanda ya bayar kuma ya rasu. Sai Din ya ce toh doka ta 1267 ta raba gardama, abin da aka ba mai kula da dukiyar coci ana ɗaukarsa na coci ne sai in an tabbatar da akasin haka. Tsohon Fada ya yi 'yar dariya ya ce wa yaran ku kwance. Ni dai na ga ransa bai so ba, amma ko kalma bai ƙara ba.

Kofin Mas ɗaya kuma sai labari ya juye. Baba katikis ya riga ya ƙirga shi a na coci, sai tsohon Fada ya ce Baba juya gindinsa ka gani. Aka juya, ga sunansa an zana da ranar da aka naɗa shi Fada, da sunan mahaifiyarsa a ƙasa, rubutun har ya fara gogewa don riƙo. Baba ya goge shi da gefen rigarsa ya miƙa masa da hannu biyu. Wannan ba wanda ya nemi a buɗe doka.

Sai aka zauna kan kuɗi, nan ne gumi ya fara karyo min duk da fanka na aiki.

Bari in faɗi gaskiya tunda tarihina nake bayarwa. Shekara biyu kafin nan mun yi tarin kuɗin rufin coci, kwano ya tsufa, in ana ruwa sai an jajjanye benci. Mutane sun bayar sosai, har wata tsohuwa da ke zuwa da sanda ta kawo nata a ƙulle a bakin zani. Ana cikin haka baiko ya yi ƙasa wata da watanni, albashin katikis da mai gadi da mai girki ya taru, ga motar farish ta lalace, Fada ya ce Mama mu ɗan ara daga na rufi in abubuwa sun daidaita mu mayar. Na ce toh Fada. Na sa hannu a cak. Bayan wata biyu muka sake, muka kuma sakewa, ba mu kai maganar gaban kwamiti ba ballantana a rubuta a minti, ni kuma a raina ai Fada ne ya ce, wa zai tambaye ni. Ko sisi bai shiga aljihun kowa ba, wannan Allah shi ne shaida, amma kusan rabin kuɗin rufi ya tafi kuma littafina yana nuna kamar yana nan.

Sabon Fada yaro ne a kaina, na girme shi nesa ba kusa ba, amma da ya ɗora yatsa a kan jimillar littafi ya ɗora ɗaya a kan ta banki ya ɗago ya kalle ni, ji na yi kamar 'yar firamare. Ya ce Mama ina sauran? Kafin in buɗe baki tsohon Fada ya ce ni na sa ta. Na ji daɗin wannan har yau, sai dai bai wanke ni ba, don hannuna ne a cak ɗin. Din ya ce dokar nan dai ta firij ita ce ta kama ku, a ƙarshenta ta ce abin da masu bi suka bayar don wani abu takamaimai ba a kashe shi sai a kan wannan abin. Ya juyo gare ni ya ce kuma abin da ya sa doka ta 537 ta wajabta kwamitin kuɗi a kowane farish ke nan Mama, don a samu mai cewa Fada dakata. Ni a lokacin na ɗauka ladabi nake yi. Yanzu in ka tambaye ni tsoro ne kawai, ba na son a ce ma'aji ta yi wa Fada musu.

Muna cikin wannan sai ga birkila ya yi sallama da 'yar takarda a ninke, wai ya ji Fada zai tafi, akwai cikon kuɗin katangar da ya yi bara. Ba ya cikin littafina ko kaɗan. Tsohon Fada ya dafe kai ya ce gaskiyarsa ne. Aka ƙara a jerin bashi.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuma ba ma wannan ba ne. Can wajen la'asar tsohon Fada ya jawo durowa ya fito da wani ƙaramin littafi da ambulan a cikinsa, littafin roƙon Mas, inda ake rubuta sunan wanda aka roƙa a yi Mas dominsa, da abin da aka bayar, da ranar da aka yi. Wannan kuɗin ba ya bi ta hannuna, ba na farish ba ne, kuma ba ya zama na Fada sai ya yi Mas ɗin. Kowane roƙo da aka karɓa Mas ɗinsa daban komai ƙanƙantar abin da aka bayar, kuma ba a yarda Fada ya karɓi fiye da abin da zai iya yi cikin shekara guda ba. Saura talatin da ɗaya bai yi ba. Ya ƙirga sunayen, ya ƙirga kuɗin cif-cif ya tura wa sabon Fada duka. Mutumin da rasit ɗin siminti ke ɓace masa a aljihu, a nan ko ɗigo bai kuskure ba. Ina leƙawa sai idona ya faɗa kan sunan maigidana, ƙanwarsa ce ta roƙa don cikarsa shekara uku da rasuwa, ban ma san ta yi ba. Na ce a ba ni minti biyu na fita waje.

Da na dawo sabon Fada ya ce ba zai sa hannu ba sai an rubuta giɓin rufi ƙarara a matsayin bashin da farish zai mayar, da ranakun da aka ciri kuɗin ɗaya bayan ɗaya. Haka muka zauna da guntayen cak har aka kunna fitila. Mu huɗu muka sa hannu, kwafi uku, Din ya tafi da na Bishop.

Na banki kuwa kar ma a yi magana. Sai da takardar Bishop, sai hotuna, sai a dawo gobe, mako biyar kafin a canza masu sa hannu, a tsakanin nan alat na kuɗinmu wayar tsohon Fada yake shiga a can sabon wurinsa, shi yake turo mana. Lambar sirrin kwamfutar ofis ma sai da muka kira shi sau biyu don ta farkon da ya ba mu ta imel ɗinsa ce.

Na ɗauka shi ke nan an wuce wurin, har na rubuta takardar ajiye aiki na sa a jaka. Ranar Asabar da yamma na kai wa sabon Fada, ya karanta ya ninke ya mayar min, ya ce Mama riƙe abinki tukuna, waɗanda suka ba da kuɗin rufi suna da haƙƙin jin inda ya shiga, gobe bayan sanarwa za a karanta lissafin a gaban jama'a. Na ce wa zai karanta Fada? Ya ce wa ya rubuta?

Yadda ta kaya a wannan Lahadin, da abin da tsohuwar nan mai sanda ta faɗa min a bakin ƙofa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.