Daga sama na fara ƙirga kwamin wanka a Arizona

A watan Yulin 2023 na taso daga Miniyapolis ta jihar Minesota zuwa Finiks, babban birnin jihar Arizona a Amurka, zan kai wa yayana ziyara. Tafiyar awa uku ce da ɗoriya a jirgi kuma Allah ya sa na samu kujerar jikin taga. Lokacin da muka tashi, duk inda ka duba a Minesota kore ne shar ga tafkuna birjik, ai shi ya sa suke mata kirari da ƙasar tafki 10,000, amma bayan gidajen mutane ciyawa ce kawai da ɗan wurin gashin nama, da ƙyar za ka hango kwamin wanka ɗaya can ɗaya can. Dalili kuwa sanyi ne, ƙasa kanta daskarewa take in hunturu ya shigo, wa zai zuba kuɗinsa a abin da zai mora wata uku ya rufe da tamfol?

Da muka fara sauka Finiks sai labari ya sha bamban. Ƙasa ja wur, duwatsu tsirara, babu alamar damina, amma unguwannin nan kamar an watsa shuɗin dutsen ado, wani mai kusurwa huɗu wani kamar ƙwayar wake, layi guda sai ka ga gida biyar shida a jere kowanne da nasa. Na fara ƙirgawa na bari.

Ƙofar filin jirgin Sky Harbor na buɗewa iska ta dake ni kamar na leƙa tanda. Ashe na faɗo tsakiyar kwana 31 ɗin nan da garin ya yi a jere kullum da rana sai zafi ya kai digiri 43 ko fi. Na san zafin Sakkwato na watan Afrilu, amma nan ko da tsakar dare kwalta huci take.

Gidan Yaya ba na masu kuɗi ba ne, ɗaki uku ne, amma ga kwami a baya. Nace Yaya kai ma ka zama babban mutum kenan, domin mu a gida sai otal ko gidan wane da wane a Maitama ake ganin wannan. Yace a'a ƙanena, da shi na sayi gidan, kuma wallahi hidimarsa ta fi daɗinsa yawa. Kullum famfon tacewa yana aiki awanni yana cin wuta, duk sati sai ya auna ruwan ya zuba kulorin, in guguwar ƙurar nan ta taso, wadda su ma habub suke ce mata kamar yadda ake faɗa a Sudan, washegari sai ya wuni yana kwashe laka. In ka yi sakaci ruwan ya koma kore sauro ya samu gida, har wasu ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro hukuma ke bayarwa a saka a kwamin da aka yasar.

Ni abin da ya tsaya min a rai ruwan ne. Garin nan ruwan saman da yake samu a shekara wajen milimita 200 ne, Kano ta ninka shi sau uku ko fi. Kaso mai yawa na ruwansu daga kogin Kolorado ake jawo shi ta wata doguwar magudanar siminti mai kusan kilomita 540, manyan injina na tura shi sama, kuma a shekarar ma an zabtare wa Arizona kashi 21 cikin ɗari na rabonta saboda tafkin Mead, inda ake tara ruwan kogin, ya ja baya. Ga shi rana na shanye na kwamin kowace rana ana ƙara wani. Na tuna 'yan garuwan unguwarmu da yadda ake cinikin jarka ɗaya, raina bai yi daɗi ba, ko da yake Yaya yace gonaki ne suka fi kowa shan ruwan jihar, kuma gaskiyarsa ne.

Sai maganar yara. Doka ta ce in akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 6 a gida dole a kewaye kwami da shinge mai tsayin ƙafa 5, da ƙofa mai rufe kanta. Matar Yaya duk da haka ba ta yarda ba, 'yar autarsu na rarrafawa wajen ƙofar baya za ta miƙe ko da tana tsaka da tuƙa tuwo. Tace min duk bazara sai an ji labarin yaron da ya nutse cikin 'yan mintuna, babu ihu babu motsi.

Daren ƙarshe bayan sallar isha'i na zura ƙafata a ciki, ruwan ɗumi ne kamar an sirka na wanka. Kafin mu shiga gida matar Yaya ta sake komawa ta girgiza ƙofar shingen sau biyu ta tabbatar ta kama.