Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Sikeli, Soda da Mai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan tarihi. Makon jiya mun tsaya a kan tara kayan aiki. Yau zan ajiye labari gefe guda in shiga cikin aikin kansa, domin duk abin da zai biyo baya a tarihin nan a kan haɗa sabulu ya ginu.

Sabulu yana samuwa ne idan mai ya haɗu da kostik soda da aka narkar a ruwa. Su biyun suna cinye juna, sai su bar sabulu da gilisarin. Idan awo ya yi daidai, babu sodar da za ta saura a cikin sabulun da ya nuna. Don haka mai cewa nasa na gargajiya ne tsantsa, soda ba ta taɓa shi ba, ko dai ruwan toka ya yi amfani da shi, wanda shi ma ɗan gidansu ne, ko kuma ya sayo haɗaɗɗen sabulu ya narkar. Ruwan toka sinadarin fotashiyam ne a cikinsa, shi ya sa sabulunsa yake fita da laushi. Mai son sabulu mai tauri da za a yanka sanda-sanda, soda yake nema.

Kowane mai da adadin sodar da yake ci, a nan ne masu awo da kofi ko cokali suke faɗuwa. Giram 1 na man zaitun yana cin kimanin giram 0.135 na soda, man kwakwa 0.183, man kaɗanya da man zurma kuwa 0.128 kowannensu. Ga haɗin kilo 1 na mai da nake ba mai koyo: man zaitun giram 500, man kwakwa 250, man kaɗanya 200, man zurma 50. In aka buga lissafi, sodar da za ta cinye su kaf ta kai giram 145. Amma ba a zuba ta duka. Ana rage kashi 5 cikin 100, sai ta koma giram 138, don ɗan man da ya tsira ya sa sabulun ya yi wa fata sauƙi, ya kuma rufe ɗan kuskuren sikeli. Ruwa ninki biyu na sodar, giram 276, shi ma a kan sikeli. Wanda ya sauya mai ɗaya da wani, wajibi ne ya sake lissafin daga farko. Man kwakwa shi ke kawo kumfa da tauri, sai dai in ya haura kashi 30 yana busar da fata. Man zurma kuma in ya yi yawa sabulun sai ya riƙa danƙo.

Kafin a buɗe sodar a sa safar hannu ta roba, da tabarau mai rufe ido, da riga mai dogon hannu, a buɗe tagogi, a fitar da yara. Ruwan ake fara zubawa a kwano, sannan a riƙa barbaɗa soda a ciki kaɗan-kaɗan ana juyawa. Kada a taɓa zuba ruwa a kan soda, yana iya tafasowa ya fallatso a fuska. Nan take ruwan zai yi zafi ya kusa digiri 90, ya fitar da tururi mai shaƙe maƙogwaro, sai a kawar da kai. Kwanon ya zama na ƙarfe marar tsatsa ko roba mai kauri da ke jure zafi. Alminiyum ba ya shiga wannan aiki ko kusa, soda tana cinsa, tana kuma fitar da iskar haidurojin mai kama wuta. In ta taɓa fata, a sakar mata ruwan famfo na minti 15 ko fiye. In ido ne, a wanke haka sannan a tafi asibiti.

Yayin da ruwan sodar ke hucewa, a narkar da man kaɗanya da na kwakwa a wuta kaɗan, a sauke, a zuba sauran biyun. Ana so mai da ruwan soda duka su sauko tsakanin digiri 38 zuwa 45. Sai a tsiyaya ruwan sodar a cikin man a hankali, a sa injin markaɗe na hannu, a kunna na 'yan daƙiƙu, a kashe, a juya da shi, a sake kunnawa. Alamar da ake jira ita ce haɗin ya yi kauri kamar man shafawa mai ruwa-ruwa, in an ɗaga injin an ɗiga a saman, sawun ɗigon ya tsaya ɗan lokaci kafin ya nutse. Da inji mintuna kaɗan ne. Da muciya kuwa sai a shafe awa guda ana fama.

A wannan gaɓar akwai tarko. In man ya yi sanyi da yawa, man kaɗanya yana daskarewa tun kafin soda ta kama shi, haɗin ya yi kauri har mutum ya ɗauka ya isa. Washegari sai a tarar mai ya taso sama, ruwan soda ya kwanta a ƙasa. Maganinsa ma'aunin zafi, da kuma ci gaba da juyawa: kaurin ƙarya yakan saki in haɗin ya fara ɗumi, na gaskiya kuwa ƙaruwa yake yi. Turare ma yana da nasa sharrin. Duk wanda aka haɗa da sifirit yana sandarar da sabulu a cikin kwano kafin a kai ga mazubi. Man ƙamshi na tsirrai ake sawa, giram 20 zuwa 30 ga kilo 1 na mai, bayan alamar ta bayyana.

A juye a mazubi na silikon ko akwatin katako da aka shimfiɗa wa takarda marar kamu, a bubbuga shi a kan tebur don iska ta fita, a rufe saman da leda, a lulluɓe da tawul. Bayan awa 24 zuwa 48 a cire a yanka. Farin garin da kan bayyana a saman, sodar da ba ta gama aiki ba ce ta haɗu da iska. Muni kawai gare shi, ana kankarewa. Abin tsoro shi ne sabulun da ke farfashewa a ƙarƙashin wuƙa, ko mai ramuka da ruwa a ciki. Wannan soda ta yi masa yawa ko bai haɗu ba, kada a kai shi jiki. Wanda ya ƙi tauri bayan kwanaki kuma, ko ruwa ya yi yawa, ko sodar ta sha iska a ajiye ta rasa ƙarfi, domin tana jan danshi ƙwarai. A riƙa rufe ta ruf.

Saura shanya. A jera sandunan a inuwa inda iska ke ratsawa, da tazara tsakaninsu, ana juya su lokaci-lokaci har mako 4 zuwa 6. A nan ne yawancin masu koyo haƙurinsu ke ƙarewa. Ruwan da ke ciki ne yake fita, kuma sabulun da aka yi wa gaggawa narkewa yake yi cikin 'yan kwanaki a banɗaki. Hanya mai sauƙi ta sanin ya isa: a auna sanda ɗaya duk mako, ranar da nauyinta ya daina raguwa, an gama. In ɗigo-ɗigo masu launin ruwan lemo suka fito daga baya, tare da warin tsohon mai, to ko dai man ya tsufa tun kafin a fara, ko an shanya a kan ƙarfe, ko wurin ajiyar yana da laima.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki sabulun da ya ɓaci mu ga wanda ake iya gurzawa a sake dafawa da wanda sai dai a zubar.