Tarihin Rayuwata, Fitowa ta 14: Ranar da Inna ta faɗi a bakin randa

Makon jiya na tsaya inda na dawo Tawa bayan rasuwar Baba. Ba mu rufa shekara ba Inna ta faɗi, tana da shekara 68.

Faɗuwar ma ba ta taka kara ta karya ba a ido. Ta fito alwalar asuba cikin sanyin hunturu, ta duƙa bakin randa, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas. Jikokinta kan yi irinta sau goma a yini su tashi suna dariya. Na tarar da buta a kife, ƙafarta ta dama ta juya waje, ta fi ɗayar gajarta.

"Inna, sannu. Ina ne?"

"Kar ki taɓa ni, 'yar nan. A kira maɗori."

Ni 'yar fari ce, ko cikin azaba ba ta kama sunana ba.

Maɗorin, Allah ya saka masa, ya lalluba ya ce karayar kwatangwalo ce, ba tasa ba ce. A likita aka yi mata radiyo, wato hoton ƙashi. Likitan ya ɗaga hoton a hasken taga ya nuna mini kan cinyar, ya ce ƙashin ya zama kamar rariya. Ashe ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo. Har wajen shekara 30 gini ke rinjaye. Idan mace ta daina haila, sinadarin estirojin ya ragu, sai rushewa ta yi gaba, kuma babu ciwon da zai sanar da ita sai ranar da wuyan hannu, ko gadon baya, ko kwatangwalo ya karye. Ya tambaya ko Inna ta rage tsawo. Na tuna yadda zanenta ya koma jan ƙasa, da ɗoron da muke cewa tsufa ne kawai.

Sai ya ce, "Hajiya, akwai maganin da take sha kullum?"

Jikina ya yi sanyi. Shekara 6 ina saya mata 'yan ƙananan ƙwayoyin nan, deksa, wajen masu talla, saboda ciwon gwiwa. Su ne waɗanda 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki, ni ma na sha. Ya ce daɗewa ana shan su na cinye ƙashi, amma kada a yanke mata lokaci guda, sai a hankali. Da hannuna nake miƙa mata, ina ganin jinƙai nake yi. Har yau abin na ci mini rai.

Ya ce mace mai shekarunta na bukatar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, kamar miligiram 1,200 a yini, kofin madara kuwa wajen 300 ke ciki. Ya lissafa nono, cukun Abalak, miyar kuka, zogale, riɗi, duk abin da ke kasuwarmu. Inna kuwa farau-farau take dama furarta, nonon ta bar wa jikoki. Tun da ta shiga takaba kuma ta saba da ɗaka, ba tafiya, ba hantsin da fata ke samun bitamin D da shi.

Aikin tiyata sai Yamai, fiye da kilomita 500. Daren nan na sayar da 'yan kunnena, muka shimfiɗa mata katifa a bayan mota. Abin da muka gani tsakanin Konni da Doso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.