Shekara guda a lambunmu na Ojo: ruwa ya sa na daina haƙa fangali

'Yan'uwa masu koyon lambu, barkanmu da war haka. A wannan wata na Fabrairun 2025 na cika shekara guda da karɓar yankina a filin da muke nomawa tare ta wajen Ojo a Legas, shi ne na ɗauko ɗan littafin da nake rubuta ranar shuka da ranar tsinka, in gaya muku inda aka kwana. Mu goma sha huɗu ne a filin, Hausawa da Yarabawa da wata baiwar Allah 'yar Kalaba. Kowa da yankinsa, nawa taku goma sha biyu ne a tsaye, takwas a kwance. Amma rijiyoyi biyu, da baro, da jujin taki, da magudanar da ta ratsa tsakiyar filin, duk na kowa da kowa ne.

A ƙasar Kura na tashi, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsa gonaki, don haka da na zo da fartanyata a watan Maris, cikin azumi, abin da hannuna ya sani shi na yi. Bayan asuba na dinga haƙa fangali, ina dusar da tsakiya ina ɗaga gefe, yadda in an sako ruwa zai kwanta. Akwai wani dattijo Basakkwace a filin, ya daɗe yana lambu a Legas, kowa Baba yake ce masa. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗana, wa kake tara wa ruwa?" Na ce, "Baba, ai haka muke yi a gida." Ya ce, "A gida lallashinsa kake ya zauna. Nan kuwa hanya ake ba shi ya wuce. Ɗaga ƙasarka." Na ɗaga rabi, tudu mai tsayin kamu ɗaya da rabi, faɗinsa daidai inda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe. Ɗaya rabin na bar shi fangali, don zuciyata ba ta gama yarda ba.

Afrilu da Mayu komai ya tafi lafiya. Alayyafo, wanda maƙwabtanmu ke kira tete, kwana ashirin da biyar na fara tuge shi. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai an cuɗa da busasshen yashi kafin a watsa, in ba haka ba ya fito a cunkushe, sirara kamar zare. Kuɓewa ta fara fure wajen mako na bakwai, daga nan kuwa duk bayan kwana biyu sai an zagaya da wuƙa, domin wadda aka bari ta kwana huɗu ta zama ice.

Sai Yuni ya shigo. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya kai wajen ninki biyu na na Kano, kuma a Yuni da Yuli ya fi zuba. Ranar 3 ga Yulin 2024 duk wanda ke garin nan ya san abin da aka gani: tun kafin gari ya waye ake tsuga shi, har tituna suka zama rafi. Washegari na isa lambu na naɗe wando zuwa gwiwa. Fangalina ya zama tafki, kan alayyafo kaɗai ke leƙowa, kwaɗi na iyo a tsakanin attaruhu. Tudun kuwa yana tsaye, ruwa na bin gefensa. Kwana uku ruwan ya yi a fangalin. Da ya janye na tuge attaruhu ɗaya, saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana warin ruɓa. Saiwa ma numfashi take yi, in ruwa ya cike ƙofofin ƙasa iska ba ta samun shiga, sai shuka ta shaƙe tana tsaye cikin ruwa. Raina ya ɓaci sosai ranar, don wata uku na yi ina renon attaruhun nan tun daga komi. Baba bai ce mini uffan ba, sheburinsa kawai ya miƙo mini.

Ruwan nan ya tona mana wani abu kuma. Magudanar tsakiya ta toshe da ledar fiya wata da robobin lemo ta can ƙarshen filin, kuma waɗanda ke kusa da wurin ba su ne suka fi shan wahala ba, mu na kwari ne. An ɗan yi ka-ce-na-ce, daga baya aka zauna aka tsayar da gayya: Asabar ɗin farko ta kowane wata, daga Afrilu zuwa Oktoba, kowa ya fito da shebur da manjagara, wanda uzuri ya hana shi ya aiko da wani ko ya sa kuɗin ruwan sha. Ni a ganina wannan gayyar ta fi kowane taki amfani a filinmu. Duk wanda zai shiga lambun haɗaka a Legas, kafin ya tambayi girman yankinsa ya fara tambayar ina ruwa ke fita, kuma wa ke share hanyar.

Tumatir shi ne ya fi ba ni ciwon kai, kuma a kansa nake so ku saurare ni da kyau. A tudu na dasa shi, ruwa bai kwanta masa ba, ya yi kyau har ya fara fure. Wata rana da hantsi na ga guda biyu sun yi yaushi, ganyen kore shar, bai yi rawaya ba, kamar dai ƙishi. Da yamma suka ɗan farfaɗo. Kwana biyu suka kwanta gaba ɗaya, na kusa da su suka bi. Baba ya sa na yanko karan ɗaya daga gindi, muka rataya shi a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, muka zuba ido ba tare da motsa kofin ba. Cikin 'yan mintoci sai ga wani farin abu yana zirarowa daga bakin yankan, siriri kamar hayaƙi. Wannan ita ce shaidar cutar yaushi ta ƙwayoyin bakteriya. A cikin ƙasa take zaune, tana son zafi da danshi, tana shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwan shuka. Feshi ba ya maganinta, tana shekaru a ƙasa, kuma tana kama attaruhu da gauta tunda danginsu ɗaya. Ruwa na ɗaukarta daga yanki zuwa yanki, haka ma ƙasar da ta manne a fartanya. Saboda haka na tuge su duka da saiwarsu na ƙone a waje, ban kai juji ba, na kuma sanar da kowa. Masara na zuba a wurin. A nan na fahimci abin da ya sa manyan motocin tumatir ke ta sauke kwanduna a kasuwar Mile 12 daga Kano da Kaduna da Jos: sanyin hunturu da busasshiyar iskar can su ne abin da tumatir ke so.

Agusta ta zo mini da mamaki. A gida ita ce tsakiyar damina, watan marka, nan kuwa ruwa sassautawa yake, gari ya yi lumshi da sanyi-sanyi, sai Satumba da Oktoba ya dawo. A wannan ɗan hutun na rushe sauran fangalin na mayar da shi tudu, na shuka lalo. Karon farko bai fito ba sai tsilli-tsilli. Maƙwabciyata Bayarabiya, muna ce mata Iya, ta tambaye ni ko na yi masa wanka. Ta ƙulle irin a tsumma, ta tsoma cikin ruwan da aka sauke daga tafasa, ta ƙirga goma, ta ciro ta shanya a inuwa. Ɓawon irin lalo, wanda Yarabawa ke kira ewedu, tauri gare shi, zafin ne ke buɗe shi. Kwana huɗu tudun ya yi kore. Ita ce kuma ta ba ni 'ya'yan ugu, wani ganyen miya mai yaɗo, guda shida, manya kamar goro, ta ce kada in bari su bushe a aljihu, irin ugu ba ya jure ajiya. Na kafa masa rumfar gora, yanzu duk bayan mako biyu nake yanka.

Gwanda uku na dasa a kan tudu mafi tsayi, tunda ita ma ba ta shiri da ruwa a gindi. Ɗaya ta fito namiji, furanninta na reto a dogayen sillaye, na bar ta saboda barbara. Biyun suna ɗauke da 'ya'ya yanzu. Kan abarba da na binne a bakin iyaka yana nan yana ta ganye, wannan sai an ba shi shekara ɗaya da rabi ko fiye.

Daga Nuwamba aiki ya koma irin wanda na sani. Hunturun Legas ba shi da ƙarfi, 'yan kwanaki ne na hazo a Disamba da Janairu, amma ya isa latas da albasa mai lawashi su yi kyau. Ƙasarmu yashi ce, ba ta riƙe ruwa, ban-ruwa safe da yamma ne, kuma da rijiyoyin suka ja baya sai muka raba lokaci: masu yankin gabas da asuba, mu bayan la'asar. Rufe tudu da busasshiyar ciyawa ya rage mini kusan rabin jigilar bokiti. Mun kuma yi alkawari a tsakaninmu ba mai ɗiban ruwan kwata ya zuba wa ganye, domin latas ɗanye ake cinsa, 'ya'yan mutane ne za su ci. Kashin kaji da muke saya a buhu sai ya yi mako shida a juji, ana juya shi, har zafinsa ya huce warinsa ya koma na ƙasa. Ɗanyensa ƙona shuka yake. Farar nan mai zane-zane mai wari ta sauka wa ugu a Janairu, da sassafe muke tsince ta da hannu tun raɓa ba ta bar fikafikanta ba, sannan a fesa jiƙon darbejiya da ɗan sabulu.

Yanzu azumi ya ƙarato, farkon Maris ake sa ran kamawa. Na dasa latas tudu biyu mako biyu da suka wuce don ya iso lokacin buɗa-baki, na kuma sa yakuwa da rama a gefe saboda marmarin miyar gida. Tumatir zan sake gwadawa, amma a buhuna goma, da ƙasar da zan ɗebo daga wani wuri, a ɗora su kan bulo yadda ruwan filin ba zai taɓa su ba. Ina da irin kuɓewa da na lalo da na ajiye a kwalba da toka, sun fi ƙarfin yankina. Mai buƙata ya same ni a lambu ranar Asabar bayan la'asar, in kuma akwai mai irin gauta ko ɗaɗɗoya ya riƙo mini mu yi musaya.