Asabar: na sauya tsarin shuke-shuken tankin kifi

Aikin ya ci awa biyar. Tankin mai lita 100 ne, gansakuka ta rufe gilashin baya, ciyawar ruwa Vallisneria kuma ta yi yaɗo har ta tare wa ƙananan tsirrai haske.

Da farko na cire hita daga wuta na bar ta minti 15 a cikin ruwa, don in ta fito da zafinta gilashinta na iya tsagewa. Sannan na zuƙi lita 40 na ruwan sama da tiyo zuwa bokiti biyu tun kafin in taɓa ƙasa, lokacin yana garau. Ɗaya na kifaye, da bututun iska da murfi saboda tsalle. Ɗayan na soson na'urar tace ruwan tankin.

A kan soson nan aka fi yin ɓarna. A cikinsa bakteriyar da ke mayar da amoniyar kashin kifi mai guba zuwa nitirait, shi ma mai guba, daga nan zuwa nitirat mai ƙarancin illa, ke zaune. Wanke shi a bakin famfo, kulorin ya kashe su. Bar shi ya bushe, su mutu. Matsa shi sau uku kawai na yi a tsohon ruwa na bar shi a jiƙe. Launinsa na ƙasa-ƙasa ba datti ba ne da za a yi ta fama da shi. Sabulu kuwa ko kusa da tanki bai zo ba.

Tsirrai a hankali na tumɓuke su, duk da haka dagwalon da ke kwance ƙarƙashin tsakuwa ya tashi, ruwa ya koma kamar kunu. Shi ya sa ake fara kwashe kifi. Na zuƙe ragowar ruwan na zubar, na kankare gilashi da reza ba tare da na kusanci silikon da ya manne gilasan a kusurwa ba. Farin tabon bakin ruwa ya fita da tsumma da ruwan khal (binega), na ɗauraye sosai.

Tsakuwa na yi mata gangare, santimita 3 a gaba, 8 a baya. Sabon dutse guda na ɗiga masa khal ya yi kumfa, na ajiye shi gefe, don irinsa yana ƙara wa ruwa nauyi, wato yawan ma'adinan da ke narke a cikinsa. Tsirran Anubias da Java fern na ɗaure su da zare a jikin itace. In aka binne kaurin jijiyar da ganye ke fitowa daga gare ta, ruɓewa take yi. Cryptocoryne na rage saiwarta zuwa santimita 3 na dasa da hantsaki. Ina sa ran ganyenta zai narke cikin makon nan, haka take yi in an motsa ta, amma saiwar na raye, ba za a cire ba.

Wajen cikawa na kifa faranti a kan tsakuwa ruwa na sauka a kansa. Sabon ruwan na sa masa maganin cire kulorin, na daidaita shi da digiri 25 kafin kifaye su koma tare da tsohon ruwansu.

Fitila awa 6 kawai a rana har tsirrai su kama. Yau babu abinci. Gobe da safe gwajin amoniya da nitirait. In ɗayansu ya wuce sifili, zan canza kashi 30 cikin 100 na ruwan.