Sautin da ke tsakanin fari da baƙi

Shagona yana Jidda, kusa da Balad. Mu huɗu ne a ciki: ni da ƙanena da yara biyu masu koyo. Ud da kanun, kayan kiɗan Larabawa masu tsirkiya, muke gyarawa, kuma yawancin aikin danshin teku ne ke kawo mana shi: gam ya saki, wuyan ud ya karkace, maɗauran tsirkiya su kumbura su ƙi juyawa. Wannan aikin hannu ne, mai haƙuri zai ƙware a kai. Aikin kunne shi ne mai cin rai.

A jikin fiyano, daga sauti zuwa jawabinsa, wato inda sautin yake maimaituwa a sama, mataki 12 ne. To makamai, wato jerin sautukan da ake gina kiɗan Larabawa a kansu, irin su Rast da Bayati da Sika suna taka wasu sautuka da suka faɗo tsakanin maɓalli fari da baƙin da ke gefensa, inda fiyano ba shi da wuri. Bahaushen da ya tashi da goge ko garaya ba zai yi mamaki ba, don wuyansu ba shi da tsaga, inda yatsa ya sauka nan sauti yake.

Maigidan da ya koya mini sana'a, wani dattijo mutumin Sham, a bakinsa na fara jin sunan Mikha'il Mishaƙa. An haife shi a 1800 a tsaunukan Lebanon, ya rasu a Dimashƙa a 1888. Likita ne, har ya riƙe muƙamin mataimakin ƙaramin jakadan Amurka a can. Ya zauna gaban Shaihu Muhammad al-Attar, inda ya ji maganar raba tsakanin sauti da jawabinsa gida 24 daidai wa daida, kowane gida rubu'i, wato rabin matakin fiyano. Wajen 1840 ya rubuta risalarsa, ya auna tsirkiya da lissafi, ya nuna inda kowane rubu'i zai zauna. Tun kafin shi Safiyuddin al-Urmawi na Bagadaza, wanda ya rasu a 1294, ya yi nasa rabon gida 17.

Ina ganin girman Mishaƙa ƙwarai. Albarkacin wannan rabo ne yau ake rubuta makami a takarda, yaro a Jidda ya karanta abin da aka rubuta a Halab. Amma takarda ba ta gama magana ba. A taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alkahira a 1932, zamanin Sarki Fu'ad, an kai ruwa rana kan ko rubu'in nan daidai yake a kowane makami, aka tashi ba a daidaita ba. Mu da ke taɓa kayan kullum mun san dalili. Sika sunan wani sauti ne kuma, kuma Sikar da ke cikin Rast ta ɗan ɗara ta Bayati sama, tazarar kamar silin gashi, amma kunne yana kama ta.

A watan jiya wani saurayi ya kawo kanun, tsirkiya 78, uku-uku. Ya ce Bayatinsa ba ta da daɗi, ya rasa dalili. Ƙananan ƙarafan da ake ɗagawa a sauya sauti, waɗanda muke kira urab, an dasa su ne bisa awon na'ura. Yaron shagona ya ɗora waya a kai, ya ce, "Kawu, ai allura ta tsaya cif a tsakiya, rubu'i ne cikakke."

Na ce, "Ajiye wayar nan, ɗana, ka rufe ido."

Na ɗauko ud na buga masa Bayati, daga sautin Duka zuwa Sika na dawo, sau uku. Sannan na taɓa kanun. Ya yi shiru, can ya ce, "Ta kanun ta yi sama."

Kwana biyu muka yi a kan ƙarafan nan. A cire, a cike ramin ƙusa da katako, a matsa kaɗan, a sake dasawa, a saurara. Na ƙarshen yaron na bar wa, hannunsa na rawa ya dasa shi, kuma ya zauna daidai.