Tagwayen shafin ƙarshe

Asabar. Yau muka sauke littafin labarin da muke karantawa a shagon ɗinki.

Da daɗin rai na tashi. Wuta ta kwana ba a ɗauke ba, Abdul ya tafi makarantar allo ba tare da an yi ta kiran sunansa ba. Koko da ƙosai. Na leƙa kasuwar Kejetia a Kumasi neman zif da zare, na tarar kuɗin yadi ya sake hawa, na yi ciniki har muryata ta dushe, sannan na hau pragya, keke mai ƙafa uku, na dawo unguwar Aboabo.

Bayan la'asar shago ya cika maƙil, har da waɗanda ba su saba zuwa ba, don labari ya bazu cewa saura babi biyu. Anti Zuwera ta zo da kujerarta daga gida. Kamar kullum ni ke karantawa su suna sauraro, keken ɗinki a rufe.

Waɗanda ba su bi mu tun farko ba, ga inda aka tsaya: aure ya shekara bakwai babu haihuwa, matar ta sayar da sarƙarta da ɗan kunnenta, mijin ya ci bashi a wurin abokin kasuwancinsa har shagonsa na neman suɓucewa, uwar miji kuma ta riga ta kai goro wani gida. To a babi biyun nan komai ya warware. Wani kawu ya dawo daga Saudiyya ya biya bashin kaf. Aka fasa auren kishiya. A shafin ƙarshe matar ta haifi tagwaye, mace da namiji.

Shago ya kaure da guɗa. Anti Zuwera har da hawaye, tana ta cewa, "Mahaƙurci mawadaci! Ai na faɗa muku." Fati ta ce ita dai mijin bai burge ta ba, mutumin da ya ƙi taka ƙafarsa asibiti shekara bakwai, amma tunda an samu tagwaye ta yafe masa. Hajiya ta ce laifin matar ne tun farko, mace mai hankali ba ta jefa mijinta cikin bashi, da ta zauna ta yi ta addu'a da ba a kai ga haka ba. Aka yi ta musu ana dariya. Ni ma ina ciki, don na ji daɗin yadda uwar mijin ta ji kunya.

Ramatu ce kaɗai ba ta ce uffan ba. Tana gefen teburin yanka, jakarta a cinya. Sai da hayaniya ta lafa ta ce, "Yaya, shi ke nan? Babu wani shafi a baya?"

Na juya littafin na nuna mata. Na ce shi ke nan.

"To wannan kawun daga ina ya fito? Tun da muka fara ba a taɓa ambatonsa ba. Duk lokacin da take yawon neman rance yana ina?"

Aka yi dariya, ana tsammanin wasa take. Ta ce, "Ni da ta bar ta haka, babu ɗan, babu kawun. Ta nuna mana yadda mace ke tashi da safe ta yi shara, ta ɗora tukunya, ta gaishe da uwar mijinta, ta biya bashinta kaɗan-kaɗan, ta kuma zauna da mijinta lafiya. Abin da nake jira ke nan tun da muka fara."

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ke Ramatu, kada ki yanke ƙauna daga rahamar Allah. Annabi Zakariya da furfurarsa aka ba shi Yahaya."

"Hajiya, ban yanke ba, wallahi. Amma Nana A'isha fa? Haƙurinta ne bai kai ba?"

Ba wanda ya amsa. Fati ta shiga tattara kofuna. Hajiya ta ce magariba ta kawo jiki, kowa ya fara neman takalminsa.

Tun lokacin maganar ta ƙi barina. Na yi tuwo, na ci, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Gaskiyar Ramatu ce. Mun yi makonni muna kuka tare da matar nan, kuma marubuciyar ta iya alƙalami, ba zan hana mata wannan ba. Inda matar ke ɓoye kwalaben magani a bayan akwati don kada baƙi su gani, da inda aka miƙa mata jariri a gidan suna duk idanu suka koma kanta, wannan sai wadda ta gani da idonta. Amma da ta zo ƙarshe sai ta ji tsoronmu. Ta san masu karatu irin su Anti Zuwera ba za su yafe mata ba in ta rufe littafi babu goyo, sai ta ba mu abin da muke so. Abin da ya fi damuna shi ne saƙon da ya rage a kunnen wadda ke cikin halin: in kin yi haƙuri za a biya ki da ɗa, in ba a ba ki ba, to ki binciki haƙurinki. Alhali a Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah ya ce yana ba wanda ya so 'ya'ya mata, yana ba wanda ya so maza, ko ya haɗa masa duka, yana kuma barin wanda ya so ba haihuwa. Dukkansu a jere aka ambace su, ba a ce na ƙarshen horo ake yi masa ba.

Na kira Safiya bayan isha'i, tana aikin dare. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Ɗaya cikin shida! Ke nan duk gidan haya a Zangon nan akwai mai wannan ciwon, ana dai rufewa ne. Ta kuma maimaita abin da take faɗa kullum, cewa sau da yawa matsalar daga namiji take, ko daga su biyun, kuma gwajin maniyyi ya fi gwaje-gwajen mata sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Amma mace ce za ta yi ta jerin gwano, yau awon jini, gobe hoton mahaifa a ga ko hanya ta toshe, shi kuwa yana kasuwa yana cewa lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa yafiyar da Fati ta yi wa mijin littafin ta tsaya mini a rai. Tagwaye sun zo, an manta da shekara bakwai da ya bar ta ita kaɗai ana kiranta juya.

Maganar bashi kuma, Hajiya ba ta kyauta ba. Katin inshorar lafiya, tun 2008 mai ciki na yin awo ta haihu da shi kyauta, amma dashen ƙwan haihuwa ba ya cikin abin da katin ke biya. Wadda ke neman cikin da aljihunta za ta nema. Kafin ma a kai ga babban asibiti, kuɗin ya riga ya tsiyaye: mai maganin gargajiya a cikin motar haya ta trotro, mai tallan rediyo, sadakar malam, kazar nan, ragon can. Ɗaya bayan ɗaya ba su da yawa, sai an waiwaya a ga kwasar adashi ta tafi, an ci rance ta MoMo, asusun kuɗi na waya, an karɓi kaya bashi a Kejetia an sayar an cinye uwar kuɗin. Wasu kuma ɗan abin da suka tara ya maƙale a 2019, lokacin da Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347 a rana ɗaya. Kuma wa ke tura mace wannan yawon? Mu ne. Mu da ke tambaya a bakin famfo, "Har yanzu shiru?" Bashin irin wannan ba kawu ke biyansa ba, mace ce ke biya da ribar waakye, wato shinkafa da wake, ko ta ɗinki, shekara da shekaru.

Anti Zuwera ta aiko Abdul da wani sabon littafi, wai mu fara mako mai zuwa. Na ajiye shi tukuna. Ina so in tambayi Ramatu ko za ta ci gaba da zuwa, amma ba ta waya ba.

Gobe sunan gidan Mma Hawa. Ramatu ta biya kuɗin yayinta tun kafin kowa, ta kuma ce da ita za a yi girki tun asuba. Na san za a miƙa mata jaririn, na kuma san bakin da zai ce "saura ke". Na gaya wa Fati mu zauna kusa da ita, in an fara mu kawar da zancen.